SUNA LINZAMI: YADDA AMBULAN YA KOYI AIKIN MAJERI A TARIHIN SINTESAIZA

Gabatarwa

Hausawa sun ce suna linzami. Galibi in an yi wannan magana ɗan Adam ake nufi, watau yadda sunan da aka raɗa wa yaro kan ja shi zuwa ga halin mai sunan. To, ni a wannan ɗan rubutu nawa ina so in nuna cewa maganar ta ci har kayan aiki. Misalin da zan kawo kuwa ba na gida ba ne. Daga Amurka da Turai ya fito, daga tarihin wata na'urar kiɗa da ake kira sintesaiza.

Ga yadda na faɗa cikin zancen. A hutun da ya wuce wani abokina mai karatun injiniyan lantarki ya buɗe mini wata manhaja a kwamfutarsa mai suna VCV Rack, wadda ke kwaikwayon irin wannan na'ura. Ya kunna mini wani ɗan kiɗa mai tafiya da kansa, ba mai taɓa kome: sauti huɗu suna bin juna, wani gajere, wani dogo, su ƙare su sake komawa farko. Na ɗan san cewa akwai sashen da aikinsa ke nan, jera sauti, sai na ce ya nuna mini shi. Ya yi dariya ya ce ai bai sa shi ba. Wasu sassa huɗu ne da aka ƙera don wani aiki dabam ya ɗaure wutsiyar wannan da kan wancan. Na ce ashe dabararsa ce. Ya ce a'a, dabarar ta girme mu duka. Bin diddigin wannan magana shi ya haifar da abin da ke gabanka, mai karatu.

Sintesaiza da Sassanta

Kafin in shiga tarihi tilas in yi ɗan bayani, don kada in bar kowa a baya. Sintesaiza na'ura ce mai ƙirƙiro sauti daga wutar lantarki zalla, ba fata, ba tsirkiya, ba busa. Irin wadda nake magana a kanta ita ce mai sassa, watau wadda ba a dunƙule take ba. Kowane sashe aikinsa guda, kuma makaɗin ne ke haɗa su da wayoyi yadda ya ga dama, kamar yadda ma'aikatan gidan waya na da ke haɗa layin tarho da hannu. Akwai sashen da ke samar da sautin, akwai mai tace shi kamar rariya, akwai amfilifaya mai ƙara shi ko rage shi. Abin da ke gudana cikin wayoyin nan ƙarfin wuta ne, kuma da shi wani sashe ke ba wani umurni. Alal misali, a tsarin da ya fi yaɗuwa, in ƙarfin wutar ya ƙaru da volt ɗaya sai sauti ya ninka kaifinsa, kamar daga "do" ta ƙasa zuwa "do" ta sama.

Sassa biyu ne suka shafe mu. Na farko shi ne wanda ke ba sauti guda ɗaya fasalinsa. Kowane sauti yana da rayuwa: yadda ya fara, yadda ya tsaya, da yadda ya mutu. In an bugi kalangu, sautin kan tashi nan take ya mutu da sauri. Goge kuwa a hankali yake kumbura, ya daɗe muddin ana gogawa. Wannan fasali shi Turawa suka kira da kalmarsu ta ambulan, don yana lulluɓe sauti kamar yadda ambulan ke lulluɓe wasiƙa, ni ma haka zan kira shi. Sashen ambulan ba ya yin ƙara ko kaɗan. Abin da yake fitarwa ƙarfin wuta ne mai hawa ya sauko, wanda ke buɗe amfilifaya ya rufe.

Na biyu shi ne wanda ke jera sauti da yawa ɗaya bayan ɗaya. Su suna ce masa sikwensa, ni kuwa zan kira shi majeri. Yana da jerin mamurɗai, takwas ko goma sha shida, kowanne an saita shi a kan wani ƙarfin wuta, sa'an nan wani agogo na ciki yana buga masa lokaci yana takawa daga wannan zuwa wancan.

A idon mai koyo, to, bambancin a fili yake: ambulan na sauti guda ne, majeri na sauti da yawa. Tarihi zai nuna mana inda wannan katanga ta samo asali, da kuma waɗanda suka huda ta.

Ƙararrawar Ƙofa, 1964

Robert Moog injiniya ne ɗan Amurka, an haife shi a 1934, ya rasu a 2005. Yana da ɗan ƙaramin shago a garin Trumansburg cikin jihar Niyok inda yake ƙera wani abin kiɗan lantarki mai suna teremin, wanda ake kaɗawa da motsa hannu a iska. A ƙarshen 1963 ya haɗu da wani mai tsara kiɗa, malami a Jami'ar Hofstra, Herbert Deutsch, a wajen taron malaman kiɗa. A tsakiyar 1964 Deutsch ya je shagon Moog suka zauna tare suna gwaje-gwaje.

Abin da suka fara haɗawa yana bada sauti, amma sautin ba shi da ladabi: in an kunna ya faɗo gaba ɗaya, in an kashe ya yanke ƙat. Deutsch, da yake makaɗi ne, ya ce wannan ba zai yi kiɗa ba sai an sami yadda sauti zai shigo ya fita kamar na kayan kiɗan gaske. Moog ya ɗauki maɓallin ƙararrawar ƙofa ya jona, ya haɗa da wani ɗan abu da ake kira kafasita, wanda ke tara wuta kamar yadda randa ke tara ruwa, ya kuma sake ta a hankali. In an danna maɓallin randar ta cika, sauti ya tashi. In an saki ta tsiyaye, sauti ya dushe. Daga baya ya mayar da aikin maɓallin cikin maɓallan fiyano da kansu, ta yadda danna maɓalli guda zai zaɓi kaifin sauti, ya kuma ta da ambulan a lokaci ɗaya. A watan Oktoba na 1964 ya nuna sassansa a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti a birnin Niyok.

Ba wai kafin Moog ba a taɓa sarrafa fasalin sauti da lantarki ba. Na'urar Novachord ta kamfanin Hammond, wadda ta fito a 1939, tana da makunnin zaɓen fasali iri-iri. Abin da Moog ya yi shi ne ya ware aikin ya zama sashe mai zaman kansa, mai kafar shiga da kafar fita. A 1965, bisa shawarar Vladimir Ussachevsky na cibiyar kiɗan lantarki ta Jami'o'in Columbia da Princeton, ya raba ambulan gida huɗu: lokacin tashi, lokacin ɗan saukowa, matsayin tsayawa muddin yatsa na kan maɓalli, da lokacin mutuwa bayan an saki. Kamfanin ARP ne daga baya ya yaɗa haruffan nan huɗu, ADSR, da duniya ta san shi da su har yau.

Abin lura a nan shi ne, an haifi ambulan ne a ƙarƙashin yatsan mutum. Sashen Moog mai lamba 911 ba ya motsi sai an taɓa shi, in ya gama kuma sai ya yi shiru ya jira. Bawa ne na maɓalli. Da faifan Wendy Carlos mai suna Switched-On Bach ya fito a 1968 ya ci kasuwa, har ya sami lambar Grammy uku, sai wannan fahimta ta kafu a zukatan jama'a: sintesaiza wata irin fiyano ce, ambulan kuwa yaronta ne.

Reza da Tef

Majeri kuma wata matsala dabam ta haife shi, a wancan gefen Amurka. Tun farkon shekarun 1950 masu kiɗan lantarki a kan tef suke aiki. Za a ɗauki sauti a tef, a yanka da reza, a liƙa da wani guntu. A saurin da ake amfani da shi a situdiyo, inci 15 na tef shi ne daƙiƙa guda. Watau sautin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba guntu ne mai inci ɗaya da rabi. Sai ka ƙiyasta yawan yanka da liƙin da kiɗan minti biyar zai ci. An yi ta neman mafita. Babbar na'urar RCA Mark II da aka girka a cibiyar Columbia da Princeton a 1959 da takarda mai huji ake ba ta umurni. Wajen wannan lokaci kuma Raymond Scott ya ƙera wata na'ura mai da'irar fitilu, da wani hannu mai ido yana kewaya su, hasken kowace fitila yana zaɓen kaifin sauti.

A birnin San Faransisko, Morton Subotnick da Ramon Sender sun kafa cibiyar kiɗan tef a 1962. Su ma yankan ya ishe su. Suka nemi injiniyan da zai ƙera musu akwatin da mai tsara kiɗa zai zauna gabansa ya yi aiki kai tsaye, sai suka dace da Don Buchla, wanda aka haifa a 1937, ya rasu a 2016. Da taimakon dala 500 daga Gidauniyar Rockefeller ya haɗa musu na'urarsa ta farko, wadda ta kammala wajen 1965. A cikinta akwai majeri mai taki takwas, da kuma mai goma sha shida. Manufarsa tun farko kowane taki ya tsaya a madadin guntun tef guda da aka yanka aka liƙa. Amma da aka bar shi yana kewayawa sai ya haifar da wani abin da ba shi aka fi sa rai ba, watau bugu mai maimaituwa. Wanda ya saurari kashi na biyu na faifan Subotnick na 1967, Silver Apples of the Moon, zai ji wannan bugu. Moog ma ya fitar da nasa majerin mai lamba 960, mai layi uku na mamurɗai takwas-takwas, wanda 'yan Jamus ɗin nan Tangerine Dream suka gina faifansu Phaedra a kan irinsa a 1974.

Ke nan ambulan da majeri ba uwa ɗaya ta haife su ba. Ɗaya ya zo ne don gyara bakin sauti, ɗaya don ya hutar da mai reza. Kowanne aka raɗa masa suna bisa matsalar da ya zo warwarewa, sunan kuma ya zama linzami.

Kafar da Ke Cewa "Na Gama"

Amma fa wutar lantarki ba ta san suna ba. In ka cire rubutun da ke jikin sassan biyu ka auna abin da ke fita daga cikinsu, abu guda za ka gani: ƙarfin wuta mai sauyawa cikin lokaci. Na ambulan yana hawa da sauka kamar gangare, na majeri yana tsalle kamar matakala. Iyakar bambancin ke nan. Wanda ya fara ɗaukar wannan gaskiya da muhimmanci shi ne Buchla.

Shi Buchla tun asali bai yarda da maɓallan fiyano ba, don a ganinsa za su mayar da sabuwar na'ura ga tsohon kiɗa. Ko kalmar sintesaiza ma ba ya so. Sunayen da yake ba sassansa ma abin dubawa ne; akwai wanda ya kira da abin da ke nufin "tushen rashin tabbas", mai fitar da ƙarfin wuta na kan-mai-uwa-da-wabi. A jerin na'urorinsa na 200, wanda ya fara fitarwa a 1970, akwai sashe mai lamba 281. Ambulan huɗu ne a gida ɗaya, amma bai kira shi ambulan ba. Ya ba shi suna daga ilmin lissafi, mai nufin abin da ke zana hawa da sauka kurum, ba tare da faɗin me za a yi da su ba. Abubuwa uku ya ƙara masa. Na ɗaya, ana iya sa shi ya ta da kansa da kansa duk lokacin da ya gama. Na biyu, wani sashe na iya tsawaita hawansa da saukarsa ko ya gajarta su. Na uku, wanda shi ne zuciyar wannan tarihi, ya yi masa wata 'yar kafa wadda ke fitar da ɗan bugun wuta a daidai lokacin da ya sauka ƙasa, kamar yana cewa "na gama".

Wannan 'yar kafa ita ta huda katanga. Domin in ambulan zai iya sanar da cewa ya gama, to zai iya ta da na kusa da shi, shi kuma ya ta da na gaba. Yaron da ke jiran umurni ya zama mai bada umurni.

A Ingila ma an taɓo wannan ta wata hanya. Ƙaramar na'urar nan VCS3, wadda kamfanin EMS na su Peter Zinovieff da David Cockerell da Tristram Cary ya fitar a Landan a 1969, ambulan ɗinta yana da mamurɗin lokacin hutu. In an saita shi, ambulan zai huta na ɗan lokaci ya sake tashi da kansa, ya yi ta bugawa ba mai taɓa shi.

Buchla bai tsaya nan ba. A tsakiyar shekarun 1970 ya ƙera sashe mai lamba 248, wanda aka fi sani da MARF. Yana da taki goma sha shida, kowane taki da ma'aunin ƙarfin wutarsa da ma'aunin tsawon lokacinsa, kuma a kowane taki makaɗi zai zaɓa: a yi tsalle zuwa gare shi, ko a gangara. In ka zaɓi tsalle duka, ka sami majeri. In ka zaɓi gangara, ka sami ambulan mai gaɓoɓi da yawa. In ka gauraya, ka sami abin da ba shi da suna. Kaɗan aka ƙera, amma Suzanne Ciani ta yi kiɗa da shi a gaban jama'a a birnin Niyok a 1975, an kuma fitar da ɗaukar a faifai a 2016.

Na'urar Talaka

Kayan Buchla da na Moog tsada gare su ƙwarai. Jami'o'i da manyan mawaƙa ke iya saye. A makarantar fasahar zane da kiɗa ta Kalifoniya, CalArts, inda Subotnick ya koma koyarwa, akwai na'urorin Buchla, amma ɗalibai sun fi ƙarfinsu. Wani malami a wurin, Serge Tcherepnin, wanda aka haifa a Faransa a 1941, ya ɗauri niyyar ƙera mai araha a farkon shekarun 1970. Shi da ɗalibai da abokai suka riƙa haɗawa da hannunsu, har fuskar sassan farko ma takarda ce aka liƙa.

Rashin kuɗi shi ya koya masa dabara. Tun da ba za a iya sayen sashe guda don kowane aiki ba, sai a ƙera sashen da bai san aikinsa ba sai an jona masa waya. Mafi shahara cikinsu shi ne wanda ake taƙaita sunansa DUSG. Abin da ya iya kurum hawa da sauka, da kuma kafar "na gama". In ka ta da shi sau ɗaya, ambulan ne. In ka mayar da kafar ƙarshensa cikin kafar farkonsa, ya zama agogo. In ka ƙara masa sauri ƙwarai, hawa da saukar kansu su zama sautin da kunne ke ji. Kuma tun da ba ya amsa sabon kira alhali bai gama abin da yake yi ba, in ka aika masa bugu da sauri sai ya amsa ɗaya ya tsallake biyu ko uku, watau ya zama mai raba lokaci. Abu guda, aiki barkatai. Kowa ya san tabarmar talaka: ita ce gado, ita ce kujera, ita ce labule.

Yadda Ake Yi

Bari in faɗi hanyoyin a taƙaice, yadda na gwada su da hannuna a manhajar nan.

Hanya ta farko ita ce sarƙa, wadda abokina ya nuna mini. Ambulan huɗu: ƙarshen na ɗaya ya ta da na biyu, na biyu na uku, na uku na huɗu, na huɗu ya komo ya ta da na ɗaya. Kowanne ya buɗe wa nasa sautin ƙofa. Ana buƙatar turi guda kurum a farko, daga nan sai ya yi ta kewayawa.

Hanya ta biyu ita ce yanka gangare ya zama matakala. A sa ambulan guda ya hau a hankali, a ratsa da shi ta wani sashe mai ɗebo ƙarfin wutar da ya tarar ya riƙe har sai an sake ce masa ɗebo. Kowace ɗiba taki ce. In hawan volt ɗaya ne aka ɗiba sau goma sha biyu daidai wa daida, an sami sauti goma sha biyu na ma'aunin kiɗan Turawa. In aka lanƙwasa gangaren, waƙar ta sauya gaba ɗaya da murɗa abu guda.

Hanya ta uku ita ce a bar ambulan ya yanke wa kansa hukunci. Duk lokacin da ya ce "na gama", bugun nan ya ɗebo sabon ƙarfin wuta daga tushen rashin tabbas, wanda zai zaɓi kaifin sauti na gaba, ya kuma zaɓi tsawon hawa da saukar ambulan ɗin kansa. Sai a sami kiɗan da ba ya maimaita kansa. Makaɗin nan Todd Barton ya yaɗa wannan haɗi da sunan Krell, don tunawa da fim ɗin Forbidden Planet na 1956, wanda Louis da Bebe Barron suka yi wa kiɗan lantarki.

To, me ya raba wannan da majeri na sosai? Wanda ke riƙe da lokaci. A majeri agogo ne sarki. Kowane taki na jiran bugunsa, ko sautin ya gama ko bai gama ba. A sarƙar ambulan kuwa ba agogo. Sauti na gaba ba ya farawa sai na baya ya cika. Mu da muka zauna ajin karin waƙa mun san irin wannan tafiya. Baitin waƙa ba da gaɓoɓi masu tsawo ɗaya ake gina shi ba. Doguwa na cin lokacinta, gajeriya na cin nata, kuma daga jeruwarsu ne kari ke fitowa. Don a yi adalci, majerin Moog 960 ma ana iya sa layinsa na uku ya riƙa tsawaita taki ko gajarta shi. Amma can gyara ne ake yi wa agogo. Nan kuwa fasalin sautin shi ne lokacin.

Kowane gauta ja ne sai in bai sha rana ba, kuma kowace dabara da kuɗinta. Ranar da na fara haɗa tawa sarƙar na manta waya guda tsakanin na uku da na huɗu. Sauti uku suka fito, sai tsit. Ba agogon da zai sake turawa, don haka in gaɓa guda ta yanke duka sun mutu. Bugu da ƙari, in ka tsawaita ɗaya, duk kewayen ya tsawaita, sai ya yi wuya ka daidaita shi da wata na'ura ko da mai ganga. Wannan ya sa kiɗan rawa ya zaɓi agogo. Waƙar Donna Summer ta 1977, I Feel Love, wadda Giorgio Moroder ya gina da na'urar Moog, ƙarfinta duka a kan bugun da ba ya gezau yake, kuma daga irinta ne kiɗan rawa na lantarki ya yi ta yaɗo.

Suma da Farfaɗowa

Kasuwa ta bi bayan Moog na maɓalli. Minimoog ta 1970 ta dunƙule sassan cikin akwati guda, wayoyin suka koma ciki inda hannu ba ya kai. A 1983 Yamaha ta Japan ta fitar da DX7, aka kuma kafa tsarin MIDI da ke sa kwamfuta ta jera sauti. Abin mamaki, ambulan na wannan zamani ya ƙara gaɓoɓi; na Casio CZ-101 ta 1984 takwas gare shi. Amma an rufe shi a ciki, ba kafar da zai ce wa wani "na gama". Manyan na'urori masu sassa suka zama kayan da jami'o'i ke jibgewa a sito.

Wani Bajamushe, Dieter Doepfer, shi ya ta da su. A 1995 ya fito da tsarin A-100, ƙananan sassa masu araha a kan ma'auni guda, wanda aka sani yanzu da Eurorack, har ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suka shiga ƙera sassan da ke zama tare. A 2009 Tony Rolando na kamfanin Make Noise da ke Asheville a Amurka ya fitar da sashe mai suna Maths, wanda ya gina a kan tunanin DUSG na Serge da 281 na Buchla, da kafar ƙarshen hawa da ta ƙarshen kewaye. Ya zama ɗaya daga cikin sassan da aka fi saye a wannan tsari. A 2018 Émilie Gillet ta kamfanin Mutable Instruments a Faransa ta fitar da Stages, mai gaɓa shida, kowace a iya mai da ita gangare, ko tsayawa, ko taki. Jikan MARF ke nan. Ta daina ƙera kaya a 2022, amma da yake ta buɗe zanen sassanta ga kowa, wasu suna ci gaba da yin su. Manhajar VCV Rack kuwa, wadda Andrew Belt ya fitar kyauta a 2017, ita ta kawo wannan gado har ɗakin kwanan ɗalibai inda na gamu da shi.

Kammalawa

Mun ga yadda aka haifi ambulan a 1964 a ƙarƙashin maɓallin ƙararrawa, aka haifi majeri don ya maye gurbin reza, kowanne da sunansa. Mun ga waɗanda suka huda katangar da ke tsakaninsu, Buchla da Tcherepnin, su ne kuma waɗanda suka ƙi kiran abin da sunan aikinsa. Ba na jin wannan dace ne kurum. Wanda aka miƙa wa sashe aka ce ambulan ne, lulluɓe sauti zai yi da shi ya tashi. Wanda aka ce wa ga abu mai hawa da sauka, shi ne zai tambaya, me kuma zai iya?

Ni ma ban tsira ba. Da na zaɓi kalmar majeri a farkon wannan rubutu, na sa wa abin linzami, kuma mai karatu na iya tuhumata da laifin da nake magana a kai. Na amsa. Abin da zan ce kurum, na koma na jona wayar nan da na manta tsakanin na uku da na huɗu, sarƙar ta tashi, kuma har na rufe kwamfutar tana kewayawa, doguwa, gajeriya, gajeriya, doguwa, ba majeri ko ɗaya a cikinta. A nan zan dasa aya.